Ba Wanda Ya Tambaye Shi Goro

Shekara takwas ke nan da muka binne yayana, Alhaji Sani, a Dingaya ta ƙasar Gwaram. Dillalin shanu ne, mutum mai ƙarfi, har ciwon ƙirji ya fara tsayar da shi a tsakiyar kara.

Daga Birnin Kudu aka tura mu wani babban asibiti mai nisa don a ɗauki hoton zuciyarsa da na'urar nukiliya. Ana yi wa mutum allurar maganin da ke buɗe jijiyoyin zuciya, a bi shi da wani sinadari da na'urar ke gani, sai hoto ya nuna inda jini ba ya kaiwa. An gargaɗe mu kada ya sha shayi ko kofi. Bai sha ba. Amma tun daga tasha yake ɓare goro, har bakin ƙofar ɗakin gwajin.

Da likita ya ce zuciya lafiya lau, sai Yaya ya dube ni yana dariya da jajayen haƙoransa, ya kira ni da sunan da yake tsokana ta da shi don yawan jin rediyona.

"Ka gani ko, ɗan rediyo? Ka kwaso ni kamar buhun gero, ga shi inji ya ƙaryata ka."

Bai ga kakar shekarar ba. A gona ya faɗi.

Sai daga baya wata likitar zuciya ta bayyana mini cewa abin da ke cikin kofi yana cikin goro, kuma yana iya kashe kaifin maganin, jijiyar da ta toshe ta ɓoye. Na tambaye ta ko abin da ya faru da Yaya ke nan. Ta ce, "Malam, ba zan iya rantsuwa ba. Mutum ɗaya ba hujja ba ne."

Gaskiya ta faɗa. Ajali na Allah ne, amma gyaran aiki na mutane ne. Ta ce akwai ƙasashen da asibitoci ke zuba bayanan kowane gwaji a rajista guda: abin da majinyaci ya ci, yawan sinadarin da aka yi masa, abin da hoto ya nuna, da yadda ya ƙare. Da haka ake gane kuskuren da ke maimaituwa. A iya sanina, bayan mun fito daga asibitin nan ba wanda ya sake tambayar ina Yaya ya kwana.

Da zai dawo yau, waya a hannun kowane makiyayi za ta ba shi mamaki. Shi da ke bin sawun duk saniyar da ya sayar don ya ji ko ta yi nono, ban san yadda zan fahimtar da shi cewa ba a bi sawun mutum ba.

Yanzu ƙanwarmu Hajiya Rabi aka rubuta wa gwajin. Na je Wurno inda take zaune na duba takardar da aka ba ta: an hana shayi da kofi, ba a ambaci goro ba. Na roƙe ta ta bar goro kafin ranar.

Ta ce, "Kai Yaya, goro ma abinci ne? In yana da illa ai likita zai faɗa."

Ni zan raka ta, in faɗa wa likita maganar goro da bakina. Sauran dattawan da za su zauna a layi tare da ita ba su da ɗan'uwan da aka binne da zai sa su san haka.

Shanun Yaya an raba su, 'ya'yansa sun girma, ana yi masa addu'a. Allah Ya jiƙansa. A takardun asibitin nan kuwa, har yau yana cikin waɗanda aka sallama lafiya.