Kazar Ya Fatime

Khalilu mai gyaran portabul ne, wato wayar hannu, a kasuwar Diffa, kuma in ba don taurari da suka shige masa kai ba, da babu wani labari a kansa. Uwarsa, Ya Fatime, ta daɗe tana noman tattasai a bakin Komadugu kafin rikici ya koro su Gagamari. Ba ta taɓa tambayar kowa lokacin shuka ba. Kaza da ƴaƴanta take duba, ɗan dunƙulen taurarin nan, sai ta san inda shekara ta kai.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata rana bayan isha'i ta ce Kaza ta daina fitowa. Maganar ta yi wa Khalilu ciwo, don a lokacin Kazar tana nan bisa rufin ɗakinta. Ya ƙudura sai ya kawo mata ita a hoto kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Ya sha wuya. In ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, hannu ya motsa, taurari su fito kamar tsutsa. Ya ɗaure wayar a ƙafar tsohuwar fanka. Fitilu suka dame masa sama, dole ya riƙa fita bayan gari da magariba. Abokan kasuwa suka sa masa suna mai kiwon kajin sama. Sanyi ya kusa wucewa kafin ya iya barin kamara a buɗe tana tara haske.

Hoton da ya samu daga ƙarshe ya yi kyau, gaskiya: taurari birjik, har da waɗanda ido bai taɓa gani ba. Ya faɗaɗa shi ya miƙa mata. Ta kawo wayar dab da hanci.

"Wannan ba ita ba ce, Khalilu. Tawa ba ta da ƴaƴa haka."

"Ita ce, Ya. Portabul ya fi ido gani ne."

"To, sai ka bar wa portabul ɗin."

Bai yi gardama ba. Ya zauna a gefen tabarma yana goge ƙananan taurarin da yatsa, waɗanda ya sha sanyi kafin ya samo, har manyan kaɗai suka rage. Ya sake miƙa mata.

Ta daɗe tana kallo. Da ya kai hannu zai karɓa, sai ta riƙe.

"Kar ka kashe. Bar mini ita a kunne."