Batirin Babur Ɗin Malam da Gaisuwar Hanyar Kabo

Da kakar bana Malam, mijina, ya cika shekara talatin da ɗaya a makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Mutane kan tuna shi da karatu ko da kyauta. Ni kuwa in kewarsa ta taso mini, ƙarar babur nake ji.

Lokacin da gyaɗa ke gyaɗa, Malam yaron wani Alhaji ne mai awon gyaɗa a nan Gwarzo. Alhajin ya ba shi wani tsohon baƙin babur, ya riƙa zagaya ƙauyuka har Kabo yana duba buhuna da sikeli. Ni ba mai fita ba ce, amma daga madafa ina gane ƙararsa tun bai shigo unguwa ba, har nakan san ranar da ya gaji.

Sai batir ya fara ba shi wahala. Da safe a buga, a buga, shiru, sai maƙwabta sun tura shi. A kai shi caji ya cika, kwana kaɗan ya sake mutuwa. Makaniken garin, Garba, taubashinsa ne, kullum cikin tsokana suke. A zaurenmu ake kwance babur ɗin, ni kuma ina jin komai ta bayan zana. Garba ya kankare farin garin da ya taru a kan batir. Ya ce a daina zuba masa ruwan rijiya, sai na sama, ni na riƙa tara masa a tulu. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe dainamo, abin da ke ba batir wuta, ya sake masa ɗan gawayin da ke cikinsa. Aka sayo sabon batir daga Kano, shi ma ya bi sahun na farko.

Alhaji ya gaji. Ya aiko cewa in batir ya ƙara mutuwa zai karɓi babur ya ba wani, aikin ma haka. Da wannan aikin muke ci, ga goyo a bayana.

Abin da ya ɗaure wa Garba kai shi ne, in ya ari babur ɗin ya yi yini da shi, batir cike yake dawowa. Ran nan ya ce Malam ya goya shi har Kabo, ya gani da idonsa. Da la'asar suka dawo, Garba na dariya tun daga ƙofa.

"Uwargida, kawo ruwa, na gano cutar! Babur lafiyarsa ƙalau, mijinki ne ba shi da lafiya."

"Kai dai ba ka iya aiki ba," in ji Malam.

"Ni? Mutumin da ko jaki ya gani sai ya tambaye shi ya gida? Wallahi wata tsohuwa mai itace ta wuce mu, muka wuce ta, ta sake wuce mu!"

Ashe dainamo ba ya ba da wuta sai ana gudu. Malam kuwa bai taɓa gudu ba. Duk wanda ya hango sai ya danna masa hon, ya rage tafiya, ya tsaya injin na numfashi a hankali: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna, an sami saniyar nan da ta ɓata? Hon na shan wuta, ba abin da ke komawa. Garba ya ce magani ɗaya ne, ya ɗaga hannu kawai ya wuce.

Malam ya gwada, domin yana tsoron rasa aikin. Ranar batir ya dawo cike, shi kuwa ya kasa cin tuwo. Ya ce ya wuce dattawan ƙauyen Masanawa suna zaune gindin rimi, ya bar su da ƙura. Washegari suka aiko mutum a kan keke ya tambaya ko rasuwa aka yi mana, ko wani laifi suka yi masa. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce mini, "Gobe zan mayar wa Alhaji kayansa. Ba zan iya ba."

Na ce, "Malam, dabba ma in ta yini a ɗaure ai akan sake ta ta yi kiwo."

Ya dube ni. Da safe ya sa Garba ya cire hon ɗin gaba ɗaya. Daga ranar in zai gaisa sai ya kashe injin ya sauka. In ya gama aiki kuma sai ya ɗauki wata doguwar hanya ta daji inda ba kowa, ya sakar wa babur gudu. Kiwon batir yake kiran abin. Nakan ji shi yana shigowa, ƙarar injin a sake, rawani a warware, yana murmushi kamar wanda ya yi ɓarna. Batir bai ƙara kwana da yunwa ba, Alhaji kuma bai ƙara aiko kowa ba. Da wannan babur ɗin ya ci gaba da aiki har gyaɗa ta ja baya.

Yanzu babura sun cika Gwarzo, hon ba ya yankewa, amma na a-ba-ni-hanya ne. Nakan ce da Malam zai leƙo, me zai ce? Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Ina jin tare ɗaya daga cikin masu baburan zai yi ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya bi dangin nan kaf da gaisuwa, fasinja na zaune a baya yana huci.

Bai bar mana dukiya ba, babur ɗin ma tuni 'yan gwangwan suka tafi da shi. Abin da ya bari shi ne, har yau in ana cin kasuwa sai na ji sallama a zaure. Mutanen Masanawa ne, ko na Kara, ko na Lakwaya, wasunsu ma ba a haife su ba sa'ad da ya rasu. In na tambaye su me ya kawo su, sai su ce ba komai, Hajiya, iyayenmu ne suka ce ba a wuce gidan nan.