Ranar da Na Sa Tsoho Ya Daina Buga Gefen Kwalekwale

Shekarun baya, a shekarar da na faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare nake zaune gida a unguwarmu Gardole ba aikin komai, kawuna ya kawo mini wani ɗan littafi ya ce in mayar masa da shi Hausa. Kun sha tambayata abin da ya sa ba na zuwa bakin kogin Shari ko da sallah, kullum sai in ce ba na son ƙarnin kifi. Ba shi ba ne. Yau zan faɗa muku, sai dai ku yi haƙuri da ni.

Kawun nan wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar babanmu. Ɗan kasuwa ne, kuma idan abokan cinikinsa sun zo daga Kano ko Damagaram yakan kai su kallon tsohon garin nan na bakin kogi, wanda birni ya girma ya haɗiye. Littafin na masu ziyara ne, da Faransanci, wani baƙo ya rubuta shi bayan ya yi 'yan kwanaki a garin. Yana nuna maka ƙofar da za ka shiga, inda ragowar ganuwa take, gidan da mata ke gina tukwane, rumfar da ake bandar kifi, da mashigin da mahajjatan da can suke tsallakowa a hanyarsu ta Makka. Ta wannan mashigin kakannin mahaifiyata suka shigo. Sun sauka ne su huta wata guda, ga mu nan har yau muna hutawa.

Shafin ƙarshe a kan dorina yake. Ya ce kada maziyarci ya tafi bai shiga kwalekwale zuwa kwanar kogi ba, kuma kowa ya yi shiru, don hayaniya tana korar dorinar ba za a gan ta kusa ba. Na fassara shi tsaf, har da jan layi a ƙarƙashinsa da jan biro.

Kawu ya ji daɗin aikin, ya ce tunda ni na san littafin, ni zan riƙa zagayawa da baƙi. Ku ga ni nan, na saka sabon takalmi, na rungume littafi a ƙirji kamar wata malamar sakandare. Alhali garin nan sau biyu na taɓa shigarsa a rayuwata, kuma ko a kududdufi ban iya iyo ba.

Baƙin farko su uku ne, ƙarshen damina, ruwa ya cika har bakin rumfunan banda. Babbansu wani Alhaji ne mai jiki, wayarsa ba ta barin hannunsa, komai sai ya ɗauka. Mun zagaya lafiya. Na yi ta karanto musu abin da idonsu ke gani, suna gyaɗa kai. Da muka iso mashigi kawu ya ce shi zai jira mu a inuwa, ya haɗa mu da wani tsohon masunci da ya saba kai masa baƙi.

Tsohon siriri ne, gemunsa fari fat, Larabci yake yi, baƙin kuwa ba sa ji, saboda haka komai sai ta bakina. Tun kafin mu shiga ya ce in gaya musu dorina na da 'ya'ya a wannan lokacin, zai kai mu amma daga nesa. Na gaya musu rabin maganar, na haɗiye rabin.

Muna barin gaɓa ya fara wani abu. Idan ya yi tuƙi kaɗan sai ya buga filafili a gefen kwalekwalen sau uku, ƙwas ƙwas ƙwas, sannan ya ci gaba. Na tambaye shi dalili. Ya ce sallama yake musu. Dorinar da ta ji bugu za ta ɗago kai, ka ganta ka kauce mata, wadda aka zo kanta ba ta ji ba ita ce ke tasowa ta ƙarƙashi. Ya ce haka kowane mai kwalekwale yake yi a mashigin nan tun kakanni, kuma wanda ya ɗauki mutane ya bar bugun, bulama, wato mai garin, zai hana shi mashigi har abada. Ina so ku riƙe wannan: ya gaya mini. Ba zan ce ban sani ba.

Can sai ga kunnuwa sun ɓullo nesa, biyu, uku, suka sake nutsewa. Alhaji ya ɓata rai. Ya ce bugun nan yana lalata masa hoto, ya yi tafiyar kwana biyu ba don ya ga kunne ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Yarinya, ba ke kika rubuta a yi shiru ba? Ko littafin naku ƙarya ne?"

Kunya ta rufe ni. Na ce wa tsohon ya ɗan dakata da bugun. Ya girgiza kai ya buga. Alhaji ya yi tsaki, sauran biyun suka yi dariya, ɗaya ya ce ashe jagorar ma ba a jin maganarta. Sai na buɗe littafin na miƙa wa tsohon a fuska, na nuna masa jan layin nan da yatsa, na yi masa magana da muryar da ban taɓa yi wa babba ba.

"Baba, takarda ce ta ce a yi shiru. Kuma kawuna ne ya ɗauke ka."

Ya dubi shafin da ba ya iya karantawa. Ya dube ni. Ya mayar da filafili ruwa ya ci gaba da tuƙi shiru.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai tuna na ji daɗi, na gyara zama ina jin ni ma na isa. Alhaji ya yi murmushi ya ɗaga waya. Sai kawai ƙasan kwalekwalen ya ɗago kamar an taso da ƙasa, na ga wani abu baƙi mai faɗi, na ji katako ya yi ƙara, sai ruwa. Ruwa a baki, ruwa a hanci, ba sama ba ƙasa. Gyalena ya naɗe mini wuya, na ji ana jan sa, na ɗauka dorinar ce ta kama ni. Ashe tsohon ne ya naɗa shi a hannu yana ja na zuwa tudun yashi. Masuntan da ke kusa suka taho da nasu kwalekwalen suna bugawa gaba ɗaya, suka kwashe baƙin.

Ba wanda ya mutu. Ɗaya daga cikin baƙin ya karye a hannu, katako ya yage wa tsohon sha-raɓa, kwalekwalensa ya rabe biyu. Ina kwance a kan yashi ina aman ruwa, ina jin Alhaji yana ta faɗa a kan wayarsa da ta nutse, yana cewa an ba su tsohon da bai san aikinsa ba.

Bayan kwana uku bulama ya kira zama. Da safen ranar kawu ya same ni a tsakar gida. Baƙin sun riga sun koma, kuma tunda ba sa jin Larabci, babu wanda ya san abin da na faɗa sai ni da tsohon, sai kawu da na gaya wa ina kuka. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. A hankali ya ce in tuna mu baƙi ne a ƙasar nan ko da kakanninmu a nan aka binne su. Idan aka ji 'yar gidansa ce ta tsawata wa dattijon gari ya bar al'adarsu, ba zai sake taka mashigin ba, kuma duk Bahaushen da ke sayen kifi a wajen zai ji a jikinsa. Ya ce shi tsohon ɗan gari ne, nasa ba za su yi masa komai ba.

Na dubi mahaifiyata. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Abin da ta ce kawai shi ne kawuna ya fi ni sanin duniya.

An zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan bulama, masunta cike, ni kaɗai ce mace. Tsohon yana gefe, ƙafarsa a miƙe an ɗaure da tsumma. Waɗanda suka cece mu suka shaida cewa tun daga wajen kwana ba su ƙara jin bugunsa ba. Bulama ya tambaye shi ko haka ne, ya ce haka ne. Ya tambaye shi dalili. Tsohon ya kalli ƙafarsa. Aka sake tambaya, ya ce ba shi da abin cewa. Sai bulama ya juyo gare ni, da murya mai taushi ma, ya ce tunda ni ce ke kusa da shi, ko wani ya sa shi ya daina?

Ina jin numfashin kawu a bayana. Na kalli tabarma na ce, "Ban kula ba. Tsoro ya kama ni."

Shi ke nan. Bulama ya ce daga ranar tsohon ba zai sake ɗaukar mutum a mashigin ba, ko nasa ko baƙo. Wani daga cikin masuntan ya roƙa a sassauta saboda shekarunsa, bulama ya ce shekarun ne ma suka sa ba za a sassauta ba, don shi ya koya wa rabin mutanen da ke zaune bugun. Tsohon ya dafa sanda ya tashi ya wuce ta gabana. Har ya ce mini sannu da jiki. A hanyar gida kawu ya saya mini lemo.

Shekara biyu ina ɗauke da abin. Na ci bak ɗin daga baya, ban ji daɗinsa ba. Ko bokitin wanka na leƙa na ga ruwa ya cika sai gabana ya faɗi. Rannan na tambayi wata mai sayar da banda, ta ce tsohon ya bar garin, yana unguwar Waliya a tsallaken kogi wajen 'yarsa. Na hau mota na tsallaka gada idona a rufe.

Na same shi a ƙofar gida yana ɗinke ragar wani. Ƙafar ta warke amma ta ƙanƙance. Ya gane ni nan take, ya sa aka kawo mini ruwa. Na durƙusa na ce na zo ne mu koma wajen bulama in faɗi gaskiya, ko za a mayar masa da mashiginsa. Na shirya zai zage ni, ko ya yafe mini, kowanne na shirya masa. Ya ci gaba da ɗinkinsa har ya kai ƙarshen layi.

"'Yata, hannuna ne ya tsaya, ba naki ba. Tun ba a haifi uwarki ba nake bugun nan. Yarinya ta nuna mini takarda na bari. Ko kin faɗa, hukuncin ba zai canja ba."

Na ce to ai da mutane sun san ba sakaci ya yi ba.

"Da sun sani," in ji shi. "In da kin faɗa a ranar."

Ya tambaye ni lafiyar kawuna, ya ce in tashi kada rana ta yi mini. 'Yarsa ta raka ni bakin titi, a hanya take ba ni labari, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce ba rashin tuƙin ne ya fi cin babanta ba. Abin da ya kore shi daga garin shi ne yadda mutanen da ya koya wa aiki suka koma idan ya zo wucewa sai wani ya ƙwanƙwasa benci sau uku, a kwashe da dariya. Ya rasu damina biyu bayan zuwana, bai sake taka mashigin ba.

Kawu kuwa yana nan lafiya, har yanzu yana kai baƙi. Da na roƙe shi a cire shafin dorina, ya ce an buga da yawa, sai waɗannan sun ƙare. Mahaifiyata ta ce in daina tono abin da ya wuce, Allah ya riga ya rufa asiri. Na tambaye ta asirin wa, ta tashi ta shige ɗaki.

Ƙawata guda da na gaya wa ta ce ai yarinya ce ni lokacin, kowa ma haka zai yi. Ina jin haushin wannan maganar fiye da zagi. Yarinya ce ni, amma ba yarintar ce ta hana ni ɗaga murya a kan dattijo a tsakiyar kogi ba, sai a gaban bulama ta tuna da ni. Ina jin haushin Alhajin da ya koma garinsu yana ba da labarin yadda ya tsira. Ina jin haushin kawu, wanda ya san abin da zai faɗa mini in ji tsoro, ya kuma faɗa a hankali. Ina jin haushin yadda a gidanmu mai takarda a hannu yake fin mai furfura, sai an zo ɗaukar laifi a tuna da mai furfurar.

Amma duk idan na gama zagayen haushina, wuri ɗaya nake dawowa. Mutumin nan ya ciro ni daga ruwa da ƙafarsa a yage, aka tambaye shi sau biyu ya ƙi ambaton sunana, ya bar mini maganar in faɗa da bakina. Ba a ce in yi iyo ba, ba a ce in biya kwalekwale ba. Tambaya ɗaya aka yi mini, kuma na san amsarta.