Inna Ta Ce Musu Da Sauƙi

Kakar bana ta cika shekara biyar da aka fita da Innata a makara daga gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Sunanta Hajara, sunan da bakina bai taɓa kira ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma da ba don abin da ya faru makon jiya ba, da na yi mata addu'ata a ɗaki na yi shiru kamar kowace shekara. To matan da suka zo a shekarar da ta rasu sun sake dawowa, kuma wannan karon ni ce a kan bencin da ta zauna.

Matan manya ne daga birni, masu buga ƙwallon lambu, wasan nan da suke kira golf. Duk shekara suna gasa a tsakaninsu, a ci kofi, a yi liyafa, mazajensu da abokan mazajensu su zuba gudummawa, sannan su ɗauko abin da aka tara su kawo karkara. A waccan shekarar tarin na mata masu sankarar mama ne. Aka yi shela a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, cewa duk mai ciwon ta zo Gumel ranar Asabar, za a zaɓi wasu a kai su Kano a yi musu aiki kyauta.

A lokacin ciwon Inna ya riga ya fashe. Tsintar zoɓo take yi wa 'yan kasuwa, har hannun damanta ya daina ɗaguwa ta bari. Ni kaɗai na san yadda wurin yake, don ni ke wanke tsummokaran da take tarewa da su, in shanya a bayan rumbu inda ido ba ya kaiwa.

Tun ranar Alhamis ta fara shiri. Ta sa na ƙunsa mata lalle, aka yi mata kitso tana cije leɓe, ta aike ni gidan maƙwabciyarmu Iya Asabe na aro atamfa da mayafi da 'yan kunne. Sau uku ta turara kayan don kada wani ya ji warin ciwon. Na ce, "Inna, ba biki za mu ba fa." Ta ce, "Ke yarinya ce. Mutane za su taso tun daga birni saboda mu, sai mu tare su kamar mahaukata? Tsira da mutunci ya fi tsira da kaya."

Tun hantsi muke zaune a ƙarƙashin rumfa a filin wata makaranta, sai bayan azahar motocinsu suka iso. Har yau ina ganinsu. Fararen wanduna a ƙarƙashin dogayen riguna, hular hana sallah ruwan hoda a kan ɗankwali, wasu da safar hannu a hannu ɗaya tak. Takalmansu na barin ƙananan ramuka a yashi kamar sawun zabi. Suna ta tsokanar wata wai ta jefa ƙwallonta a tafki sau biyu, tana cewa iska ce. Ɗaya ta nuna wa matan layinmu filin wasan a wayarta, kore shar har iya ganin ido, ruwa na feshi ta ko'ina. Mu da rijiyarmu sai an ɗaura wa sa igiya kafin guga ya fito. Inna ta raɗa min, "Duk wannan ruwan na ciyawa ne?"

Shugabarsu wata Hajiya ce doguwa. Ta yi jawabi da Hausa irin tamu, ta ce a nan Gumel aka yanke mata cibiya, ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, aka yi tafi. Sannan ta fara bin layi, mai ɗaukar hoto a gabanta, wata nas a bayanta da takarda. Babu ɗaki, babu labule. Matar da ke gaban Inna, 'yar wajen Gagarawa, ta fashe da kuka ta yaye mayafinta, mai hoto ya durƙusa ya matso, nas ta rubuta sunanta.

Aka zo kan Inna. Ta sauko daga benci ta rusuna, da wannan ciwon.

"Baiwar Allah, yaya jikin?"

"Alhamdulillahi Hajiya, da sauƙi. Ya hanya? Kun sha rana saboda mu."

Hajiya ta dubi lallen, ta dubi 'yan kunnen, ta juya wajen ƙawarta ta ce, "Wannan ai ta fi mu kwalliya. Ko amarya aka kawo mana?" Suka yi dariya. Ta ce, "To tunda da sauƙi, Allah Ya ƙaro sauƙi." Ta wuce.

Da baƙuwa ce daga wata ƙasa, da na yi mata uzuri. Amma wace Bahaushiya ce ba ta san mai gargarar mutuwa ma in an gaishe shi da sauƙi zai ce ba? Ta sani sarai. Gurabe ne kaɗan, mata da yawa, kuma hoton da za a nuna wa masu ba da gudummawa a liyafar baɗi ba ya son mace mai lalle. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi. Muka tashi da sabulu biyu da hula ruwan hoda. A motar komawa ciwon ya jiƙa atamfar Iya Asabe, kuma tun daga Gumel har gida zancen da Inna take yi ke nan, yadda za a wanke ta ba tare da mai ita ta gane ba. Wata uku bayan nan, ana tsakar yankan gero, ta cika.

Yanzu ina aure a Gumel. Maigidana yana tuƙa a-daidaita-sahun wani. Muna da 'ya ɗaya 'yar wata goma, mai sunan Inna, muna kiranta Ummi. Tun tana wata huɗu kanta ya fara girma fiye da jikinta. Likita ya ce ruwa ne ke taruwa a ciki, sai an yi aiki a Kano, kuma abin da ya faɗa ko mun sayar da duk abin da ke ɗakina ba mu kama hanyarsa ba. Kullum bayan sallar asuba nakan zagaya kanta da zare in ƙulla, in gwada da ƙullin jiya. Wani lokaci sau uku nake gwadawa, ko hannuna ne ya yi kuskure. Idanunta sun fara kallon ƙasa ko da ni take nema. Na saƙa mata hula mai faɗi, ba na fita da ita sai da ita, saboda bakin mutane.

Da aka yi shela cewa tarin bana na yara masu bukatar aiki ne, na san abin da zan yi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kwana biyu ban shafa wa Ummi mai ba. Ranar Asabar na ɗaura zanen da nake daka da shi, ban sa kwalli ba, na zura silifa mai ɗaurin waya. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona.

"Haka za ki fita? So kike a ce na gaza?"

"Ka gaza ɗin ne. Ni ma na gaza."

Ya ɗauke mu, amma a kwanar baya ya sauke mu, don kada abokan aikinsa su gani.

Kusa da ni a benci wata mata ce daga wajen Maigatari, ta ce sunanta Mariya. Ɗanta zai yi shekara uku, ciwon zuciya gare shi, leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa kamar na wanda ya yi gudu alhali a cinya yake. Ta sa masa sabuwar shadda har da hula. Ita kuma leshi ne a jikinta, na gane na aro ne don ta kama rigar da fil ta gefe. Da ta ga Ummi na ƙananan kuka ta kwance bakin mayafinta ta ba ni dabino, ta miƙo min ruwanta. Can ta ce, "'Yar'uwa, duba min ɗaurin nan, ya zauna? Kada mu ji kunya a gaban manya."

Kafin nan na riga na ji nas tana gaya wa wani cewa yaran sun ninka guraben. Na ƙirga kawunan da ke layinmu har sau biyu. Kalma uku daga bakina za su ishi Mariya. Akwai famfo a bayan azuzuwa, za ta iya wanke fuska, ta tuɓe wa yaron shadda, ta bar haƙarƙarinsa a waje. Na dubi ɗaurin na ce, "Ya zauna. Kin yi kyau."

Shugabar bana wata ce daban, matashiya, don an ce duk shekara suke canzawa. Hajiyar da na sani tana can kan kujera ta ƙara jiki, tana fifita, kofin da ta ci a gabanta. Amma tambayar ba ta canza ba. Aka zo kan Mariya, ta rusuna ta ce da sauƙi, ta yi musu sannu da hanya. Aka shafa kan yaron, aka yaba shaddarsa, aka wuce.

Ni ban jira an tambaye ni ba. Na fizge hular Ummi, na juya kanta wajen mai hoto, jijiyoyin nan duk a waje. Na ce, "Babu sauƙi, Hajiya. Wallahi babu sauƙi ko kaɗan." Na yi kuka. Kukan ba na ƙarya ba ne, amma ni na zaɓar masa lokaci. Suka taru a kanmu. Wata ta cire safar hannunta ta taɓa maɗigar Ummi, wata ta ce in ɗaga ta sama kaɗan, inuwa ta rufe fuskar. Na ɗaga ta. Nas ta rubuta sunanmu ta ba ni kati. Da taro ya watse Mariya ta goya ɗanta, sabulu biyu a hannunta, ta tsaya ta ce min, "Barka, 'yar'uwa. Allah Ya sa a yi a sa'a."

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Inna za ta ce. Na san zan kare kaina da cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kuma san za ta ce ba a wanka a tsakiyar kasuwa. Wataƙila hoton jikarta da za a haska a bango, mutane na cin kaji suna girgiza kai, shi zai fi ƙona mata rai. Wataƙila kuma ta yafe min wannan duka, don ita ma uwa ce. Abin da na tabbata ba za ta yafe ba shi ne dabinon da na karɓa na ci.

A ƙauyenmu har yau in an ambaci Inna sai a ce, Allah Ya jiƙan Hajara, ta tafi ba wanda ya ji nishinta. Gadon da ta bari ke nan, ba gona ba akuya. Ni da ta haifa na ajiye shi a gida ranar Asabar, kuma ban ga ranar da zan koma in ɗauka ba. Halinta yana nan a duniya, na gan shi da idona ya nufi tashar Maigatari da yaro a goye, ko sunan ƙauyensu ban tambaya ba.

Ranar Talata za mu Kano da Ummi. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa Inna a addu'arsa, Allah Ya haskaka makwancinta, ya sa 'yata ma. In kuma a cikinku akwai wanda ya san wata Mariya a wajen Maigatari mai yaro mai ciwon zuciya, ya gaya mata abin da na rufe baki a kansa: in sun dawo baɗi kada ta ari komai, kada ta gaishe su, ta tuɓe wa yaron riga tun daga bakin ƙofa. Ko da yake na ji suna cewa tarin baɗi na masu ciwon ido ne.