Rantsuwar da Ban Yi Ba

Shari'ar ta mahaifinmu ce, ba tawa ba. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya shafe iyakokin fadamarmu ta wajen Auyo, ruwa na janyewa mahaifinmu ya ce maƙwabcinsa na gona ya shigo masa taku ashirin. Ya kai ƙara gaban alƙali a Haɗeja. Abin takaicin, maƙwabcin nan abokinsa ne tun na ƙuruciya, mu ma Baba muke ce masa.

Zamanin Turawa ne, kotun En'e cike take kullum. Sau uku suna shiga kwalekwale ɗaya su je, a ɗage zama, su dawo ba mai ce wa wani uffan. Ana haka ciwo ya kwantar da mahaifinmu. Kwana biyu kafin ya cika ya kira ni, ni ne babba, daga ni sai shi a ɗakin.

"Na tuna inda tsohon turken iyakar yake," in ji shi. "Wurin nasa ne, girman kai ya hana ni faɗa. Ka kashe maganar nan."

Na ce to.

Baba ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Amma ni a lokacin ƙuruciya na ɗibata. Tsarana suka yi ta zuga ni a wurin zaman makoki, wai uba ya mutu sai gona ta bi shi? Kuma kada in yi ƙarya, shinkafar gefen nan ta fi ta ko'ina kyau, na yi kwaɗayinta. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, mahaifiyarmu na cikin takaba, na kama hanyar Haɗeja. Muhuti, mai rubuta wa alƙali, ya ce ai ƙara ba ta mutuwa da mai ita, magada na iya tsayawa. Ƙannena suka wakilta ni, ba su san abin da na sani ba. Aka kai wa Baba sammaci har gida. Kaico!

Ranar zama shaidarmu ɗaya tal, wani masunci. Alƙali ya ce shaida ɗaya sai an cika ta da rantsuwar mai ƙara, tunda kuwa mai ƙara ya riga mu gidan gaskiya, rantsuwa ta hau kaina. Aka miƙo mini buta. Wallahi na yi alwalar. Muhuti ya ɗauko Alƙur'ani.

Sai Baba ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta malam, a dakata. Na bar masa."

Alƙali ya ce, "Ka yarda nasu ne ke nan?"

"Ban ce nasu ne ba. Na ce na bar masa. Ba zan zauna ɗan abokina ya dafa Littafin nan saboda ƙasa taku ashirin ba."

Bai ko dube ni ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na gane ya san na sani.

Alƙali ya juyo kaina. "Kai fa, samari? Kana da magana, ko ka karɓa?"

Ga dama an ba ni har hannu. Kalma uku ce, wurin nasa ne. Ruwan alwala bai ma bushe a fuskata ba.

Na sunkuyar da kai na ce, "Na karɓa."