Mai Tsaron Masararmu Ran Lahadi

Wata Lahadi ce a watan Yuli, shekarar da nake aji huɗu, na tsallake dangar bayan gidanmu riƙe da gwangwanin korar birai. Masararmu ta yi goyo, gonar kuwa a bakin daji take, can gaba da Kakangi, kuma a daminar da ta wuce birai sun cinye mana rabinta, muka ƙare shekara da tuwo sau ɗaya a rana. Sauran kwanakin mako Baba ne ke hawa rumfar tsaro da safe, ni in karɓe shi bayan makaranta. Amma ran Asabar da yamma sai ya wanke fartanyarsa ya rataye ta a reshen mangwaro, ba zai ƙara kallon hanyar gona ba sai Litinin.

Mu kaɗai ne Kirista a ƙauyen, mu biyu kuma muka rage a gidan tun rasuwar Mama. Gaskiya na tsani Lahadi. Sa'o'ina sun tafi gona ko rafi, ina jiyo dariyarsu daga nesa, ni ina kan tabarma cikin rigar da ta matse ni, Baba yana karanta Littafi Mai Tsarki da ƙarfi kamar gidan cike yake da jama'a. In na ce masa birai fa, sai ya ce, "Saratu, Allah ma ya huta. Ni wane ne?" A raina nakan ce ai Allah ba shi da gona a bakin daji.

Ran nan, da barci ya ɗauke shi, na sulale. Tun kafin in isa na jiyo ana buga gwangwani. A kan rumfarmu na tarar da Malam Iro, tsohon da gonarsa ke jikin tamu, carbi a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya dube ni, ya dubi gwangwanina, ya ce, "Koma gida, 'yata, yau ranarku ce. Ran Juma'a da muke tafiya masallaci, wa kike zato yake kora mini su?"

Ashe shekaru suka yi a haka, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Na koma gida kunya ta ishe ni. Baba ya farka, ya ga gwangwanin, sai ya matsa mini wuri a kan tabarma. A shekarar rumbunmu ya cika.

Yau Baba da Malam Iro duk sun rasu, 'yan bindiga kuma sun tashi ƙauyen, gonakin biyu sun koma daji. Ni ina Kaduna ina ɗinki a ɗakin haya, maƙwabtana ban san sunan rabinsu ba. Duk Asabar da yamma nakan lulluɓe keken ɗinkina da zane, yadda Baba ke rataye fartanya. Sau da yawa kafin la'asar ɗin Lahadi na yaye zanen, don in na bar aikin, ba mai riƙe mini shi. Sai yanzu na gane hutun Baba, wani ne ke zaune a rumfa yana tsare masa shi.