Dattijo Mai Buroshi a Aljihu

A bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu a Bronx, matasa sun shimfiɗa kwali suna rawar hip hop, wani dattijo mai sanda yana kallo. Gemunsa fari, takalmansa sun fi gemun fari, ga buroshin haƙori ya leƙo daga aljihunsa. Ina jin yana cikin yaran da suka riƙa jan lantarki daga fitilar titi su kunna faifai, zamanin da gobara ke cin gidajen nan.

Garin leƙe, ƙafarsa ta hau kwalin.

"Baba, ka san doka," in ji wata budurwa cikin masu rawar. "Wanda ya hau kwali sai ya taka."

"Cleon, likita fa ya hana," in ji matar dattijon da ke gefensa.

Ya miƙa mata sandar. Yana zame ƙafa, yana karya kafaɗa, ya sauka ƙasa ya ƙame a kan hannu ɗaya. Wuri ya kaure da ihu. Tashi kuwa ya gagara, sai da samari biyu suka ɗaga shi.

Matar tana tambayar lafiyar gwiwarsa, shi kuwa ya zaro buroshi zai goge takalmi.

"Gwiwa za ta warke," in ji shi. "Dubi yadda suka ɓata min takalmi."